Yadda Za Ka Karanta Kasafin Kuɗin Makarantun Gundumarku a Ohio Kafin a Fara Yanke-Yanke

Na rubuta wannan ne domin 'yan uwanmu da ke zaune a jihar Ohio ta Amurka, musamman mu na Columbus da kewayenta, waɗanda yaranmu ke makarantun gwamnati. Ni akawu ne, shi ya sa duk lokacin da wasiƙa ta fito daga makaranta da maganar ƙarancin kuɗi, ni ake tarewa a bakin masallaci bayan Juma'a: "Malam, wai da gaske za a daina ɗaukar yara a bas?" Yawanci lokacin da tambayar ta iso gare ni, bakin alƙalami ya riga ya bushe. An yanke shawarar tun watannin baya, a zaman da aka yi a fili, ƙofa buɗe, babu ko ɗayanmu a ciki. Takardun da suka nuna hakan na tafe kuwa suna nan a intanet kyauta, wasu tun shekara biyu kafin ranar. Abin da nake so ka koya shi ne karanta waɗannan takardu da wuri.

Ka fara tabbatar da gundumar da kake ciki. A Ohio gundumomin makarantu sun haura 600, kuma iyakarsu ba ta bin iyakar gari. Mutum na iya samun adireshi mai sunan Columbus amma yaransa na ƙarƙashin makarantun Westerville, ko Hilliard, ko South-Western. Ka shiga shafin mai binciken kuɗi na ƙaramar hukumarku, wato County Auditor da Turanci, ka rubuta adireshin gidan, ko da haya kake. Zai nuna maka gundumar da harajin gidan ke tafiya.

Kowace gunduma tana da hukumar gudanarwa da jama'a ke zaɓa, galibi mutum biyar, na Columbus bakwai ne. Hukumar ce ke ɗaukar manyan ma'aikata biyu: sufuritanda, mai kula da karatu da malamai, da ma'aji, mai riƙe da kuɗi. Ma'ajin ba yaron sufuritanda ba ne, kai tsaye yake ba hukuma rahoto. In maganar kuɗi ce ta kawo ka, ofishin ma'aji za ka nema. Shugaban makarantar ɗanka, duk kirkinsa, rabon da aka miƙa masa kawai yake juyawa.

Inda kuɗin ke fitowa

Mu da muka taso a Najeriya mun saba a ce albashin malaman firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cirewa, wanda shi ma daga Abuja ya gangaro. Nan ba haka ba ne. Abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba a shekarun da babu wani tallafin gaggawa, kuma yawancinsa ɗaure yake da sharaɗi: wannan na yaran talakawa, wannan na masu buƙata ta musamman, wannan na abincin rana. Sauran kuɗin jiha ce da harajin gidaje da filaye na mutanen gunduma suke rabawa. Gundumar da gidajenta ke da tsada, jiha kan ba ta kaɗan, ta dogara da harajin mutanenta. Wadda talakawa suka fi yawa, kason jiha ya fi nauyi. Ka san wace iri ce taku, don shi zai gaya maka inda za ka kai kuka: wurin maƙwabta masu ƙuri'a, ko majalisar jiha.

Wannan dogaro da harajin gida tsohuwar rigima ce. A 1997 Kotun Ƙolin Ohio, a shari'ar DeRolph, ta ce tsarin ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jiha, ta kuma maimaita hukuncin har zuwa 2002. Sai a 2021 majalisa ta amince da sabon tsarin rabo da 'yan majalisa biyu, Bob Cupp da John Patterson, suka jagoranta, wanda aka ce za a cika shi sannu a hankali cikin shekara shida. A kasafin jiha na 2025 an ci gaba da tsarin, amma da farashin 2022 ake lissafa abin da karantar da yaro ɗaya ke ci. Ko ba akawu ba ya san albashi da man bas da wutar lantarki ba su tsaya a 2022 ba.

Mil da lebi

Nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa, don haka bari in ɗan zauna a kai. Lebi shi ne harajin da gunduma ke roƙon masu zaɓe su amince da shi a akwatin ƙuri'a. Da mil ake auna shi. Mil ɗaya dala 1 ce a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar haraji, kuma a Ohio ƙimar haraji kashi 35 cikin 100 ce ta kuɗin da odita ya yi wa gidan. A taƙaice, sabon mil ɗaya dala 35 ne a shekara a kan kowace dala 100,000 ta darajar gida. Misali, gidan da aka yi wa kuɗi dala 250,000, in aka nemi sabon lebi na mil 5: ƙimar harajinsa 87,500, sau biyar cikin dubu, dala 437.50 ke nan a shekara, wajen dala 36 a wata. Ka yi wannan lissafi da kanka kafin ka saurari mai goyon baya ko mai adawa. Oditan Franklin, ƙaramar hukumar da Columbus ke ciki, yana da ma'aunin lebi a shafinsa da zai fitar maka da adadin gidanka. In haya kake, kada ka ce bai shafe ka ba, mai gida zai zuba shi cikin kuɗin haya idan an zo sabunta yarjejeniya.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: a 2023 an sake yi wa gidajen Franklin kuɗi, darajarsu ta tashi da kusan kashi 40 cikin 100, to me ya sa makarantu ke kukan babu? Amsar tana cikin wata doka ta 1976 da ake kira House Bill 920. Dokar ta ce idan darajar gidaje ta tashi, a rage yawan mil ɗin lebin da aka zaɓa ta yadda kuɗin da yake tarawa zai tsaya kusan inda yake. Lebin da aka amince ya tara dala miliyan 10, bayan shekara goma ma kusan miliyan 10 ɗin zai tara, sai fa abin da sababbin gine-gine suka ƙara. Kamar maigidan da ya yanke kuɗin cefane shekara goma da suka wuce ne, ya ce ba ƙari sai an yi taron dangi an amince, alhali kuɗin shinkafa bai jira taron ba. Shi ya sa duk bayan 'yan shekaru za ka ga gunduma ta dawo akwatin ƙuri'a. Ba lallai almubazzaranci ba ne, haka aka gina tsarin. Akwai togaciya biyu: wani ɗan kaso na haraji da ba a zaɓa ba yana tashi tare da darajar gida, sannan gundumomin da yawan mil ɗinsu ya sauka har iyakar ƙasa ta mil 20 da doka ta kafa ba a ƙara rage musu, don haka har zuwa 2025 su sun ci cikakkiyar ribar tashin daraja. Ka tambayi ma'aji kai tsaye ko gundumarku tana kan wannan iyaka ta mil 20. Amsarsa tana sauya komai.

Sannan ka duba irin lebin. Na sabuntawa ci gaba ne da abin da kake biya. Na ƙari sabon nauyi ne. Akwai kuma na bashin gini, wanda gunduma ke ciyo kuɗi ta gina makaranta ta biya cikin shekaru masu yawa, da na gyaran gine-gine da sayen motoci. Wasu gundumomin ma harajin albashi suke ɗorawa a kan mazaunansu.

Takarda ɗaya da ta fi sauran

In ba za ka karanta komai ba, ka karanta hasashen kuɗi da doka ta wajabta wa kowace gunduma ta miƙa wa jiha sau biyu a shekara. Sunan da aka saba kiranta da shi Five-Year Forecast, wato hasashen shekara biyar, ko da yake a 2025 doka ta rage yawan shekarun, kuma za ka same ta a ɓangaren ma'aji na shafin gunduma. Jadawalin shafi ɗaya ne ko biyu: shekarun baya a hagu, masu zuwa a dama. Shekarar kuɗin makaranta daga 1 ga Yuli take farawa ta ƙare 30 ga Yuni, saboda haka "2026" a takardar yana nufin daga Yulin 2025.

Kada yawan lambobi ya tsorata ka. Layukan suna da lamba, kuma kaɗan ne ke da muhimmanci. Layi 1.010 harajin gidaje ne. Layi 1.035 babban kason jiha ne. Layi 3.010 albashi, 3.020 kuɗin fansho da inshorar lafiya. Ka haɗa waɗannan biyu na ƙarshe ka raba da jimillar kashewa, za ka ga kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na kuɗin a kan mutane yake tafiya. A kan kowane albashin malami, gunduma na ƙara kashi 14 cikin 100 zuwa asusun fansho, ban da inshorar lafiya da ke hawa kusan kowace shekara. Saboda haka duk wanda ya ce maka za a cike giɓin miliyoyi ta hanyar rage sayen takarda da alli, bai duba takardar ba. Giɓi mai girma, da mutane ake cike shi.

Daga nan ka sauka layi 6.010, wanda ke nuna ko shiga ta fi fita. Lambar da ke cikin baka, ko mai alamar ragi, giɓi ce. Sai layi 7.020, kuɗin da ya rage a asusu ranar 30 ga Yuni. Ka bi shi da yatsa daga hagu zuwa dama. Shekarar da ya fara gangarowa, an fara cin ajiya. Shekarar da ya koma ƙasa da sifili, ita ce ranar da doka ba ta yarda a kai ba, don haka yanke-yanke ko lebi zai zo shekara ɗaya ko biyu kafin ta. Ni abin da nake yi shi ne in raba jimillar kashewa da 365 in samu kuɗin yini ɗaya, sannan in raba ajiyar da shi. In ajiyar ba ta kai ta wata biyu ba, na san magana ta kusa.

Bayan jadawalin akwai shafukan bayani inda ma'aji ke faɗin zaton da ya gina lissafinsa a kai: ƙarin albashi kashi nawa, inshora kashi nawa, ɗalibai nawa. Mutane kan tsallake su, alhali nan naman yake. Ma'aji bisa al'ada mai tsoro ne, yakan ƙaddara shiga kaɗan, fita da yawa, kuma ba ya lissafa lebin da ba a amince da shi ba tukuna. Don ka gane ko tsoron nasa ya yi yawa, nemo hasashen shekara uku baya ka ga abin da ya ce zai rage a bana, ka gwada da abin da ya rage da gaske. In kullum yana hasashen fari ana samun damina, kana da hujjar tambaya. In hasashensa na faɗawa daidai, to ka yarda da shi ko da maganar ba ta yi maka daɗi ba.

Me ya sa ana gini ana sallamar malamai?

Saboda aljihun daban-daban ne. Kuɗin da aka ciyo bashi don gini, ko lebin gyara, doka ba ta yarda a biya albashi da su ba. Wanda ya miƙe a taro yana cewa a sayar da sabon filin wasa a biya malamai, mintinsa uku ya ɓata. Hasashen da na yi bayani yana magana ne a kan asusun gudanarwa na yau da kullum, kuma a nan matsin yake.

Abubuwan da ke matse wannan asusu a shekarun nan sanannu ne. Tallafin korona na tarayya, kusan dala biliyan 190 ga makarantun ƙasar baki ɗaya, wa'adin ƙarshe na ƙulla yadda za a kashe shi ya cika 30 ga Satumba 2024. Gundumar da ta ɗauki masu ba da shawara da malaman ƙarin karatu da wannan kuɗi, yanzu ko ta mayar da su kan asusunta ko ta sallame su. Ga yara masu buƙata ta musamman: dokar tarayya ta 1975 ta wajabta karantar da su, aka yi alkawarin tarayya za ta ɗauki har kashi 40 na ƙarin kuɗin, amma a 'yan shekarun nan abin da take bayarwa bai kai kashi 15 ba. Ga sufuri: dokar Ohio ta ɗora wa gunduma jigilar yaran da ke makarantun kuɗi da na cata (masu zaman kansu da jiha ke biya wa kuɗi) da ke yankinta, kowace da lokacin tashinta, ga ƙarancin direbobi. A 2024 wannan magana ta kai har babban lauyan jiha Dave Yost ya maka makarantun Columbus a kotu. Ga kuma raguwar ɗalibai. In yara ashirin suka bar makaranta, ba daga aji ɗaya suke fita ba, ɗaya nan biyu can, don haka ba a rage malami ko ɗaya ba, ba a rage kuɗin ɗumama gini ba. Irin wannan lissafi ne ya kai hukumar Columbus ga ƙuri'ar rufe wasu makarantu a ƙarshen 2024, duk da cewa masu zaɓe sun amince da lebin mil 7.7 a Nuwamban 2023.

Maganar bauca kuwa, wato kuɗin da jiha ke biya wa yaro ya yi karatu a makarantar kuɗi, sai a yi ta da adalci, don da yawa daga cikinmu da shirin bauca na EdChoice suke kai yara makarantun Islamiyya, kuma ban ga laifin uban da ya yi haka ba. Tun 2023 kowane gida na iya samu, cikakkiyarta sama da dala 6,000 ga ƙananan azuzuwa, sama da 8,000 ga sakandare, masu babban albashi a rage musu. Tun 2021 ba daga asusun gunduma ake cire kuɗin ba, jiha ce ke biya kai tsaye. Amma tukunyar jiha ɗaya ce, kuma baucoci sun kai kusan dala biliyan 1 a shekara. A Yunin 2025 wata alƙaliya a Franklin ta ce shirin ya saɓa wa tsarin mulkin jiha, aka bar shi yana aiki yayin ɗaukaka ƙara. Ko yaranka na can ko na nan, ka sa ido a kan wannan shari'a.

In lebi ya faɗi

A gundumarmu na ga yadda abin ke tafiya, kuma kusan haka yake ko'ina. Bas ake fara taɓawa, domin abin da dokar jiha ta tilasta shi ne ɗaukar yaran da ba su wuce aji takwas ba waɗanda gidansu ya fi mil biyu nisa da makaranta. 'Yan sakandare ba dole ba ne. Ga mai aikin dare a rumbun kaya, ko gidan da mota ɗaya ce, wannan kaɗai ya isa ya birkita rayuwa. Sai a sa kuɗi a kan wasanni, a bar guraben malaman da suka yi ritaya babu maye, aji ya cika. Mataimakan malamai da masu fassara suna cikin waɗanda ake saurin sallama, kuma su ne yaranmu sababbin zuwa suka fi dogara da su. In abin ya ci tura, jiha na da matakai uku, na gargaɗi, na sa ido, da na dokar ta-ɓaci, inda ake naɗa kwamitin da zai karɓe ikon kuɗi daga hannun zaɓaɓɓu. Wannan kwamiti ba ka zaɓe shi ba, ba kuma zai ji kunyarka ba.

Yadda za ka yi magana a ji ka

Zaman hukuma a buɗe yake bisa doka, kuma ana sa ajanda a shafin gunduma kafin ranar. Zaman da ma'aji zai gabatar da hasashe shi ne na zuwa, ba wanda za a karanta sunayen waɗanda aka sallama ba. Yawancin hukumomi na ba da minti uku ga mai magana, wasu sai ka yi rajista tun kafin zaman, saboda haka ka duba ƙa'idar taku. Ba a tambayar takardar zama a ƙofa. In Turancin bai zauna ba, ka kira ofis kwanaki kafin zaman ka nemi tafinta, ko ka tafi da wanda zai fassara.

Ka rubuta abin da za ka faɗa, abu ɗaya tak. Mu mun saba da doguwar gaisuwa da shimfiɗa, nan agogo ba ya jira. Ka faɗi sunanka, makarantar yaranka, sannan tambaya mai lamba: "Malaman Turanci na baƙi nawa ne a bana, nawa za su rage baɗi, ɗalibai nawa kowannensu zai riƙe?" Ko: "In an cire bas ɗin sakandare, nawa za a tsimi, kuma me kuka gwada kafin wannan?" Galibi ba sa amsawa nan take, kada ka ɗauka raini ne. Washegari ka aika wa ma'aji tambayar a rubuce. Dokar bayanan gwamnati ta Ohio ta ba kowa damar neman takardu ba tare da faɗin dalili ba, amma takardar da ke akwai za ka nema, ba a tilasta musu su ƙirƙiro maka sabon lissafi. Ka ce kana son jerin guraben da za a rage, ko yarjejeniyar kamfanin sufuri, ko jerin kamfanonin da aka yafe wa harajin gini a yankin. Ku je ku biyar ko goma, iyaye mata a ciki, kowa da tambayarsa daban. Hukuma na lura da unguwar da ke zuwa.

Game da ƙuri'a, a yi hattara sosai. Ɗan ƙasa ne kawai ke zaɓe, har a kan lebi da 'yan hukumar makaranta. Mai katin zama na dindindin da ya yi rajista ko ya jefa ƙuri'a na iya rasa zamansa gaba ɗaya. Wanda ya zama ɗan ƙasa kuwa ya tuna ana zaɓen 'yan hukuma a Nuwamban shekarun mara, irin 2025 da 2027, lokacin da mutane kaɗan ke fitowa, kuma lebi kan zo a zaɓen bazara ko na Nuwamba. Gunduma ba ta da izinin kashe kuɗin jama'a wajen kamfen ɗin lebi, kwamitin sa-kai ne ke yi, don haka takardar da aka saƙala maka a ƙofa ta masu ra'ayi ce, ka gwada ta da hasashen ma'aji.

Akwai kuma takardu biyu da ke zuwa gida waɗanda ke taɓa kuɗin makaranta kai tsaye. Ta farko ita ce mai tambayar harshen da ake yi a gida. Wasu iyaye kan rubuta Turanci don gudun kada a ware yaro. Ka rubuta Hausa in Hausa kuke yi. Gwaji za a yi masa, in bai buƙatar taimako shi ke nan, in yana buƙata jiha na ƙara wa gunduma kuɗi saboda shi, kuma kana da ikon ƙin ajin in ba ka so. Ta biyu ita ce takardar kuɗin shigar gida. Ko yaronka ba ya cin abincin makaranta saboda maganar halal, ka cike ta da gaskiya ka mayar a makon farko, domin irin wannan ƙidaya na cikin abin da ake dubawa wajen raba tallafin yaran masu ƙaramin ƙarfi tsakanin makarantu, kuma a gundumomi da yawa ita ce ke sa a yafe maka kuɗin littattafai da na wasanni.